Layi a Wuyan Amatullahi

Ranar da Madam Fadeke ta kira ni ofishinta, abin da ta fara yi shi ne ta kwashe reza da almakashin da ke kan teburinta, ta zuba su a durowa, ta murɗa makulli. Ta so ta yi abin a wayance, tana yi tana tambayata mutanen gida, amma wayancewa ba ta cikin baiwar da Allah ya yi wa Madam. Mace ce mai jiki da murya, ko raɗa ta yi a ofis sai an ji ta a situdiyo, ɗakin da muke zane. Ita ke duba aikina na shekarar ƙarshe a sashen zane na jami'a, can Naraguta. Doka ce sai ta sa hannu a bayan aikin ɗalibi, ta shaida cewa shi ya yi abinsa da hannunsa, kafin a nuna wa mai jarrabawar da ake gayyatowa daga wata jami'ar. In babu sa hannunta ba ka gama ba, sai baɗi.

Aikin da aka ba mu shi ne kowa ya zana kansa da fentin mai. Madam ta yarda har cikin ranta cewa ba wanda zai zana kansa bai tona wa kansa asiri ba. Launin da ka ɗauka, yadda ka ja layi, siffar da ka ba kafaɗarka da haɓarka, duk a wurinta magana ce. Timilehin, sarkin surutun ajinmu, ya cika kanbas ɗinsa, ƙyallen da muke zane a kai, da launin ruwan lemo da rawaya, komai zagaye-zagaye kamar ƙosai, ta kalla ta ce yaron nan tsoron shiru yake yi. Dantong ya yi fuskarsa da kusurwoyi masu kaifi, ta ce ko uwar da ta haife shi ba ta taɓa jin ya ba da haƙuri ba. Abin haushin shi ne duk gaskiya ta faɗa. Don haka da na shiga na ga nawa jingine da bango, na san yau za a baje ni a faifai.

"Zauna, Amatullahi," ta ce, ta turo mini lemon kwalba da ta riga ta buɗe. Hausar Madam ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. "Gaya mani gaskiya. Wane ne yana damun ka a gida?"

"Ba kowa, Ma."

"Saurayi?"

"Ba ni da shi, Ma."

"To wannan fa?"

Ta nuna zanen da gindin biro. Na yi kaina ne da ɗankwali, gyale a kafaɗa, cikin toka-toka da ruwan ƙasa, idanuna suna kallon gefe. A wuya kuma, daga wannan gefen kanbas zuwa wancan, akwai baƙin layi siriri miƙaƙƙe wanda ya raba kai da gangar jiki.

"Jiya ban yi barci ba," ta ce. "Yarinya ya zana kansa, ya yanka wuya. Kana so ka kashe kanka, ko? Faɗa mani, ni ma uwa ne."

Sai a lokacin na gane dalilin kulle almakashi. Dariya ta taso mini, na danne ta, ta koma fushi. Duk shekarun da na yi ina zama a gaban matar nan, abin da ta iya karantawa a jikina ke nan? In kashe kaina in je in tarar da me? Na ajiye lemon ban sha ba, na ce, "Ma, ba haka ba ne. Alƙawari ne." Daga nan na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa ba a makarantar.

Babana mahauci ne. A Abatuwa, babbar mayanka, ya yi rayuwarsa, kamar mahaifinsa da ya zo garin nan zamanin haƙar kuza yana sayar wa leburori nama. Malam Lukuman ake ce masa. Ba mutum ne mai tsanani ba, shi ne ma yake ware mini takardun naɗe nama masu tsabta in yi zane a kai tun ina 'yar ƙarama. Da na ce zane zan karanta a jami'a, dangi suka yi masa caa. Ya tafi wurin malaminsa, ya dawo da sharaɗi guda. Ya zaunar da ni a bakin tabarmarsa, ya ce abin da ke ci masa rai shi ne ranar da za a tsayar da mai zane a ce ya hura wa abin da ya zana rai. Amma malam ya gaya masa cewa idan aka raba kai da jiki, abin ya daina zama surar mai rai, ya zama kamar itace.

"Duk abin da kika zana mai numfashi, Amatu, ki ja masa layi a wuya," ya ce. "Ki yi mini wannan, ni kuma in tare miki bakin mutane."

Na ce na yi alƙawari. A lokacin ko cewa ya yi in riƙa zane da ƙafa, to zan ce.

Na cika alƙawarin, amma da wayo. In mace na zana sai layin ya zama sarƙa, in namiji ne ya zama bakin wuyan riga, in akuya ce ya zama igiya. Shi ya sa Madam, da duk iya karanta layinta, ba ta taɓa lura ba. Baba yana gani, sai ya yi murmushi ya miƙo mini takardata, bai taɓa cewa komai ba.

Bara, ana gab da babbar salla, lokacin da aiki ya fi yi musu yawa, ya faɗi a wurin yanka. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yana ji, yana gane kowa, amma ko "a'a" ba ya iya furtawa. Hannun hagun ma kwance yake, sai ɗan motsin yatsu, cokali wannan ba ya riƙewa. Gida ya koma hannun Yaya Badruddeen, wanda ya gaji teburin Baba a Abatuwa amma bai gaji murmushinsa ba. Yaya ba mugu ba ne, wannan zan faɗa saboda Allah. Shi ke ɗaga Baba, shi ke yi masa wanka, bai taɓa yin tsaki ba. Sai dai mutum ne wanda in an ce layi, to layi yake nufi. Ya bincika zanena ya ce sarƙa ba yanka ba ce, yaudarar tsoho ce, daga yau layi ya fito fili, gefe zuwa gefe. Ya ƙara da cewa shekarar nan ita ce ta ƙarshe. In na gama, na gama. In ban gama ba ma, na gama, don Inna tana buƙatar mai taya ta jinya.

Madam ta saurare ni har ƙarshe. Ta buɗe durowa ta fito da almakashinta, ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta ɗauki lemon da ta ba ni ta shanye rabi.

"To na yi kuskure, sorry," ta ce. "Amma kuskure na rabi ne kawai."

Ta miƙe ta tsaya a gaban zanen, ni kuwa na san an zo wurin. Ta ce in dubi launin, ba launin mutum ba ne, launin bangon da ake so kada kowa ya lura da shi ne. Ta ce in dubi kafaɗun, na yi su murabba'i kamar akwatin da aka ɗaure za a yi tafiya. Ta ce idanun ƙofa suke nema. Ta bi layukan fuskar da biro, kowanne na ja shi na sake ja, na goge na mayar, kamar mai neman izini.

"Ka san abin da ya ba ni tsoro?" ta ce. "Duk layi a nan yana rawa, sai wannan na wuya. Shi kaɗai ka ja sau ɗaya. Ka zana komai don shi ya samu wurin zama."

Na ce, "To Ma, in karya alƙawari ke nan?"

"Ban ce ba. Ni ma ina da baba. Kankare wannan, yi sabo, ka manta da layi har ka gama. In ka gama ka kalla, kana so ka ja, ja da hannunka, zan sa hannu. Amma kai ka fara zuwa, kafin layi ya zo."

Na fita ina ƙunƙuni. Wa ya aike ta? Ga yayana a gida yana auna layi, ga malama a makaranta tana auna kafaɗa, ni a tsakiya da burushi a hannu, kowa ya fi ni sanin yadda wuyana ya kamata ya kasance. Duk da haka washegari na ɗauki wuƙar fenti na kankare kanbas ɗin tas, don ba ni da wani, kuma don can ƙasan raina na san matar nan ba ta yi ƙarya ba.

Kwanakin farko wahala na sha. Na kafa madubi a gefe, amma duk lokacin da na fara sai in ga hannuna ya ja wuyan ya yi tsawo kamar na zabuwa, yana tanadar wa layi fili tun kafin a yi hanci. In goge, in sake, ya sake yi. Wata rana da rana tsaka na jefar da burushi na fita, na bi ta bayan gonaki har bakin wani tsohon kududdufin kuza. Ruwan kore ne, amma ba koren ganye ba, ba kuma na kwalba ba, wani kore ne mai nauyi da ba a ganin ƙasansa. Gaɓarsa jar ƙasa ce da aka tono tun zamanin kakana aka bar ta a nan. Na zauna ina kallo har zafin raina ya sauka. Da na koma, koren nan na haɗa na shimfiɗa a bayan kaina, na sa kaɗan a ƙarƙashin idanu, na yi ɗankwalin da jar ƙasar.

Daga nan abin ya fara tafiya. Na daina gyara fuskar da ke madubi, na fara kallonta. Ashe girata ta hagu ta fi ta dama tashi, irin ta Baba. Haɓata mai faɗi ce, wadda dangin Inna suke tsokanata da ita, na bar ta da faɗinta har na ɗan ƙara. Bakina a matse yake kullum kamar na wadda ta tanadi amsa tana jiran a gama magana, na sa shi yadda yake. Kafaɗun na sake su, ɗaya ta ɗan turo gaba. Layukan na ja su da kauri, sau ɗaya, wanda ya karkace na bar shi a karkace. Idanun kuwa, ban san lokacin da suka juyo suka kalle ni ba.

Timilehin ya zo wucewa wata safiya, ya tsaya, ya ja da baya. "Kai, Amatu, wannan abu naka zai zage ni," ya ce. "Ina jin tsoro in wuce ta gabansa." A duk zamana a makarantar ba a taɓa yi mini yabon da ya kai wannan daɗi ba.

Ana gobe mai jarrabawa zai zo na gama. Na matsa baƙin fenti, na dangwala siririn burushi, na tsaya a gabanta. Hannun da ya yanke wuyan mutane da awaki ba adadi ya ƙi tashi. Ina son yarinyar nan, shi ne gaskiyar magana. Ban taɓa kallon kaina na ji ina son abin da na gani ba sai ranar. Ba zan iya yanka ta ba, kuma ba zan iya miƙa ta haka ba, don na yi wa mutum alƙawari, mutumin kuma yana kwance ba ya iya cewa ya yafe. In da yana magana, da da wasa da dariya zan karɓi izinina. Na yi ta zagaye situdiyo kamar kazar da aka kife da kwando.

Can sai wata dabara ta faɗo mini. Baba ba ya magana, amma yana gani. Mutumin da ya ga sarƙa ya yi murmushi, in ya ga 'yarsa sak a gabansa, ai ba zai so a taɓa ta ba. Na tabbata da haka kamar yadda na tabbata da sunana. Na rungumi kanbas na tari keke mai ƙafa uku.

Na isa gida bayan La'asar. Inna ta fito da Baba tsakar gida ya sha rana, an jingina shi da matasai, an rufe masa ƙafafu da bargo saboda sanyin garin nan ba ya raga wa marar lafiya ko da damina. Yaya Badruddeen ya dawo daga aiki yana wanke hannu a bakin rariya. Na jingina zanen da turmi, daidai inda Baba zai gani.

Inna ta saki tsintsiya. "La'ilaha illallahu! Ke ce wannan sak, har da bakin rashin kunyar."

Yaya ya matso yana goge hannu, ya duba sama, ya duba ƙasa. "Ina layin?"

"Shi na zo tambaya, Yaya."

"Wa za ki tambaya?"

"Wanda na yi wa alƙawari."

Na durƙusa a gaban Baba. Na ce masa gobe ne jarrabawata ta ƙarshe. Na ce duk shekarun nan ban taɓa saɓa masa ba, wannan ɗayan kawai nake roƙo ya bar mini. "Baba, in ka yafe mini, ka rufe idonka."

Ya ƙifta ido. Na juya da murna, Yaya ya ce kowa ma yana ƙifta ido, shi ma ga shi yana ƙiftawa, hakan ba izini ba ne. Na ce ai ya rufe, Yaya ya ce bai rufe ba. Inna ta ce in bi yayana a hankali, mu daina ɗaga murya a kan marar lafiya. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina da hannuna suna riga hankalina. Na zaro burushi daga jaka, na matsa masa baƙin fenti, na buɗe yatsun Baba na hagu na sa shi a ciki.

"To Baba, in sai an yanka, kai ka yanka," na ce. "In ka saki burushin nan, ka sake ni ke nan. Yaya, ka yarda?"

Yaya ya gyaɗa kai. Shi ma ya san abin da na sani, hannun nan ko cokali ba ya riƙewa. Na cire nawa hannun ina jiran in ji ƙarar faɗuwar burushi a siminti.

Bai faɗi ba. Yatsun suka naɗe a jikinsa, ɗaya bayan ɗaya. Baba ya kalli zanen, ya daɗe yana kallo, fiye da duk wanda ya taɓa kallon aikina. Ya bi girar, ya bi haɓar, na ga ya gane nasa a ciki. Hawaye suka gangaro ta gefen idonsa suka shiga kunne. Sai ɓarin bakinsa mai motsi ya fara motsawa, ba sauti, amma na san motsin tun ina yarinya ina kai masa abinci wurin aiki. Bisimilla yake yi, irin ta kafin yanka.

Hannun ya tashi daga kan bargo. Inna ta toshe bakinta da tafi. Yaya ya durƙusa ya ɗauko kanbas ɗin ya matso da shi, kuma wallahi babu alamar cin nasara a fuskarsa, kuka yake yi kamar ƙaramin yaro. Burushin ya taɓa gefen kanbas. Layin ya fara tafiya yana rawa, mai kauri, ya gangara, ya tsaya, ya sake hawa. A maƙogwaro hannun ya gaji ya zauna, fenti ya taru ya ɗiga a kan gyalen. Na ce a raina shi ke nan, zai saki. Gumi ya keto masa a goshi, ya ja numfashi, ya ci gaba, bai tsaya ba sai da ya kai ɗaya gefen.

Sannan ya saki burushin. Hannun ya yi ta lalube a kan bargo har ya sami wuyan hannuna, ya riƙe. Na ɗaga kai na kalle shi. Ba fushi a idonsa, ba umarni. Sauƙi na gani, irin na wanda ya fizgo yaro daga bakin rijiya. A nan na gane cewa tun da ya kwanta, ba baki, ba hannu, tsoron nan bai taɓa barinsa ba, yana ganina ina fita da jakar fenti kullum ba ya iya tambaya. Murmushin da yake yi wa sarƙa ba izini ba ne, haƙuri ne kawai irin na uba.

"Hannu ya tashi!" in ji Inna, da wata murya da na manta tana da ita. "Jama'a, hannun Malam ya tashi!"

Maƙwabta suka cika gidan. Wannan ya ce a sake gwada shi da cokali, wancan ya ce a kira likita a gaya masa, Inna ta aika a sayo ƙosai a yi sadaka. Kowa ya zo sai an nuna masa layin, ba wanda ya kalli fuskar. Yaya ya same ni a bakin ƙofar kicin ya ce, "Amatu, Allah ya yi miki albarka, ke kika tashe shi." Bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna. A lokaci guda kuma na rasa wanda zan yi wa fushi, don ba wanda ya yi mini laifi.

Da safe na kai wa Madam. 'Yan ajinmu suna ta jera ayyukansu a zaure, na wuce su na shiga ofis na jingina nawa da bango. Madam ta sa tabarau. Ta tsaya tana ƙare masa kallo.

"Yauwa," ta ce a hankali, tana kallon fuskar. "Ga ka nan. Wannan kore, wannan baki. Sannu da zuwa, Amatullahi." Sai idonta ya sauka ƙasa. Ta matsa kusa, ta karkata kai. "Wannan ba hannunka ba ne."

Na gaya mata yadda aka yi. Ta zauna a kujera da ƙarfi, ta cire tabarau ta goge ido da bakin zaninta.

"Ba zan iya sa hannu ba," ta ce. "In na sa, na rantse duk aiki hannunka ne. Mai jarrabawa ma yana da ido, abin da na gani zai gani." Can sai fuskarta ta washe. Ta miƙe ta taɓa gefen wuyan da ɗan yatsa. "Amma duba, abu mai sauƙi ne. Fenti na ƙasa ya bushe, layi bai bushe ba. Goge shi da kananzir, ka ja naka daidai wurin. Alƙawari ya cika, doka ya cika. Baba ba zai sani ba, yaya ba zai sani ba."

Gaskiya ta faɗa, kamar kullum. Babu wanda za a cuta. Ta jiƙa tsumma da kananzir da kanta ta danƙa mini, ta ce in yi sauri, mai jarrabawa yana hanya.

Na durƙusa a gaban zanen, na kai tsumman kusa. Daga nan ana ganin komai. Ana ganin inda gashin burushi ya buɗe saboda ya danna da yawa, da inda hannun ya zame ƙasa ya jawo shi sama da ƙyar, da inda ya huta a maƙogwaro. Layin ya ɓata mini wuya, ya ɓata gyale, mummuna ne, duk wani malamin zane zai faɗa. Amma tun ranar da Baba ya faɗi, wannan ne kaɗai abin da ya ce, kuma ni ya gaya wa.

"Ma, in ban goge ba fa?"

"Sai baɗi."

"Ba ni da baɗi, Ma."

"Na sani!" ta ce da ƙarfi, har surutun zaure ya tsaya. "Shi ya sa na ce ka goge! Ka sha wahala shekara da shekaru, ka samu kanka jiya-jiya, yanzu za ka koma gida ka zauna? Amatullahi, don Allah. Ka ɗauki hoto da waya, ka ajiye, ka goge."

Na ɗauki hoton da waya, don in faranta mata. Na duba shi, wani baƙin zare ne kawai a fuskar gilashi, babu nauyin hannu a ciki. Na sake ɗaga tsumman. Warin kananzir ya cika mini hanci, hannuna ya tsaya a iska, ina ji Madam tana numfashi a bayana. Ina so in gama makarantar nan fiye da yadda na taɓa son komai. Na yi wa hannuna magana, na zage shi, ya ƙi.

Na ninke tsumman na ajiye mata a kan tebur. Na ce na gode da duk abin da ta koya mini. Ta juya mini baya tana kallon taga.

Na ɗauki zanena na ratsa ta zaure. Timilehin ya ga fuskata, ya matsa ya ba ni hanya. A bakin titi na tari keke na ɗauki kujerar baya gaba ɗaya. Muna isa Tina Junction muka tarar da cunkoso, hadari kuma ya haɗo ta kan duwatsu, masu talla suna ta kwashe kaya. Yayyafi ya fara shigowa ta gefe. Na cire gyalena na rufe bayan kanbas ɗin da shi, na juyo da fuskar wajen ƙirjina, na riƙe ta nesa kaɗan don kada rigata ta taɓa layin, tun da bai bushe ba. Ruwa yana dukan bayana yana gangarawa.

Mai keken ya leƙo ni ta madubi. "Hajiya, hoton wane ne haka, kina rufe shi ke kina jiƙewa?"

Na ce na babana ne.

"Allah ya ja da ransa," ya ce.

Na ce amin, na ƙara jan gyalen ta gefen da ruwa ke shigowa.